Layi ɗaya da ya sa dila ya yanke mana BGP: yadda ake rubuta jerin tace hanyoyi

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin raba intanet. AFRINIC ta ba mu lambar AS da rukunin adireshi /22, kuma muna sayen layi daga diloli biyu, duka ta BGP a kan rauta Cisco guda ɗaya. Na rubuta prefix-list mai layi ɗaya da ke barin /22 ɗinmu ya fita, na ɗora wa dilolin biyu, komai lafiya. Da muka so wasu kwastomomi su riƙa bi ta dila na biyu sai na tsaga /24 guda biyu, amma suka ƙi fita. Wani abokina ya ce in ƙara `permit 0.0.0.0/0 le 32` a ƙasa. Na ƙara, suka fita, amma ba a yi minti biyar ba dila na biyu ya yanke mana BGP, ya kira yana cewa mun turo masa dubban ɗaruruwan hanyoyi. Ina kuskurena, kuma yaya ake rubuta ge da le daidai?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abu biyu ka tambaya: me ya hana /24 ɗinka fita, kuma me ya sa maganin da aka ba ka ya fi cutar muni. Kafin komai, ka kira injiniyan dila na biyun nan ka yi masa godiya. Iyakar adadin hanyoyi da ya sa wa layinku ita ta cece ku. Da bai sa ba, da wani ɓangare na zirga-zirgar kwastomominsa ya bi ta 'yar rautarku zuwa dila na ɗaya, layinku ya cushe, kuma sunan kamfaninku ya shiga bakin injiniyoyin da ba ku taɓa haɗuwa da su ba.

Halin BGP

BGP, wato hanyar da rautocin kamfanoni daban-daban (na'urorin da ke nuna wa bayanai inda za su bi) ke gaya wa juna hanyoyin da suka sani, ba ta da kunya wajen yaɗa labari. Duk hanyar da rautarka ta ji daga maƙwabci na waje, wato rautar wani kamfani da take magana da ita ta BGP, idan ta zaɓe ta a matsayin mafi kyau, za ta faɗa wa sauran maƙwabta cewa "ku biyo ta wurina, na san hanyar can." Ba ta san wane ne dila wane ne kwastoma ba, ba ta kuma san wa kake biya wa ke biyanka ba. Kai za ka gaya mata. A 2017 aka fitar da takardar ƙa'idar intanet RFC 8212 mai cewa kada rauta ta karɓa ko ta sanar da komai ga maƙwabcin waje sai an rubuta mata ƙa'ida. Manhajar rauta IOS XR ta Cisco haka take, manhajar FRR ma ta koma haka tun daga siga ta 7.4. Amma IOS ta Cisco da muka saba da ita da kuma Junos ta Juniper, idan ba ka sa komai ba, ƙofa a buɗe take.

To kai kana karɓar cikakken teburin intanet daga dila na ɗaya, wajen hanyoyi miliyan guda na IPv4. Layin farko na prefix-list ɗinka, wato jerin tace hanyoyinka, shi kaɗai ne ke tare su. Da ka ƙara `0.0.0.0/0 le 32` sai ka ce wa rauta kowane adireshi, kowane tsawo, ya wuce. Rariya ce ka cire wa raga, gari da tsakuwa duk suka zuba.

Wannan ba kuskuren ƙananan kamfanoni kaɗai ba ne. Ranar 12 ga Nuwamba 2018, MainOne da ke Legas, wadda ke musayar hanyoyi da Google a cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, ta saki hanyoyin Google sama da 200 zuwa China Telecom yayin wani aikin gyara da aka tsara. China Telecom ta karɓa, ta miƙa wa TransTelecom ta Rasha, daga nan abin ya bazu. Minti 74 aka yi mutane a Amurka da wasu wurare suna neman Google, bayanansu na tafiya Sin suna maƙalewa. MainOne ta fito ta amsa cewa kuskuren saiti ne. Na kawo labarin ne don ka lura da ɓangarori biyun: wanda ya saki bai tace abin da ke fita ba, wanda ya karɓa ma bai tace abin da ke shigowa ba. Da ɗaya cikinsu ya tace, da ba a ji labarin ba.

Abin da ge da le suke nufi

Zan yi misali da 198.18.0.0/22, rukuni ne na gwaji, sai ka sa naka a madadinsa. Adireshi 1024 ne, daga 198.18.0.0 zuwa 198.18.3.255, wato /24 guda huɗu, kowanne mai adireshi 256. Ka tuna cewa lambar bayan sandar nan, wadda ake kira tsawo, tana girma, filin yana ƙanƙancewa.

Kowane layi na prefix-list yana yi wa hanya tambaya biyu. Ta farko: adireshin nan yana cikin filin da na ambata? Ta biyu: tsawonsa ya yi daidai da wanda na yarda? Idan ba ka rubuta ge (daidai ko fiye) ko le (daidai ko ƙasa) ba, amsar tambaya ta biyu ita ce dole tsawon ya zama daidai da wanda ka rubuta, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa `permit 198.18.0.0/22` ya bar /22 ya wuce amma ya tare 198.18.2.0/24. Yana cikin filin, amma tsawonsa 24 ne ba 22 ba. Daga nan ya faɗa wa hanin da ke ƙarshen kowane jeri, wanda ba a rubuta shi kuma ba ka ganinsa: duk abin da bai dace da wani layi ba, an hana shi.

Idan ka sa le kaɗai, an yarda daga tsawon da ka rubuta har zuwa lambar le. Saboda haka `198.18.0.0/22 le 24` ya ƙunshi abu bakwai: /22 ɗin kansa, /23 guda biyu, da /24 guda huɗu. Idan ka sa ge kaɗai, an yarda daga lambar ge har 32, kuma shi rukunin asalin ba ya ciki. Idan ka haɗa su, kamar `198.18.0.0/22 ge 24 le 24`, /24 huɗun nan kaɗai ka nufa. Cisco tana son lambar ge ta fi tsawon rukunin, le kuma kada ta gaza ge.

Layuka biyun da suka fi rikita mutane su ne `0.0.0.0/0` da `0.0.0.0/0 le 32`. Na farko hanya ɗaya tak yake nufi, hanyar gama-gari da ake bi idan babu wata. Na biyu yana nufin intanet kaf. Kalma ɗaya da lamba ɗaya ne tsakaninsu.

Sannan rauta tana karanta jerin daga sama zuwa ƙasa bisa lambar seq, ta tsaya a layin farko da ya dace. Idan ba ka ba da lamba ba, IOS za ta riƙa ƙara biyar-biyar. Ni goma-goma nake sa wa da hannuna, don in samu wurin cusa layi a tsakiya daga baya.

Ƙofar fita

Yanzu wani zai ce to a sa `le 24` a huta. Zai hana ɓarnar, amma ba zai biya maka buƙata ba, domin jeri ɗaya ka ɗora wa diloli biyun. Idan /24 ɗin suka fita ta ko'ina, ba ka karkatar da komai ba. Abin da ke sa dabarar ta yi aiki shi ne ƙa'idar da kowace rauta a duniya ke bi: idan hanyoyi biyu suka rufe adireshi ɗaya, mai tsawo ita ke cin nasara. Wannan ƙa'idar ce ta kashe YouTube na kusan awa biyu ranar 24 ga Fabrairu 2008, lokacin da Pakistan Telecom ta sanar da 208.65.153.0/24 daga cikin /22 na YouTube don toshe shi a cikin gida, dilanta PCCW ya karɓa ya yaɗa wa duniya. Kai ma ita za ka yi amfani da ita, amma a kan filinka. Kowane dila da nasa jerin (64500 misali ne na lambar AS ɗinku, wato lambar da ake gane kamfaninku da ita a BGP):

```
ip prefix-list FITA-DILA1 seq 10 permit 198.18.0.0/22
ip prefix-list FITA-DILA2 seq 10 permit 198.18.0.0/22
ip prefix-list FITA-DILA2 seq 20 permit 198.18.2.0/24
ip prefix-list FITA-DILA2 seq 30 permit 198.18.3.0/24

router bgp 64500
 neighbor 192.0.2.1 prefix-list FITA-DILA1 out
 neighbor 198.51.100.1 prefix-list FITA-DILA2 out
```

Dukansu suna jin /22, amma na biyu kaɗai ke jin ƙananan. Kwastomomin da ke cikin /24 biyun za su samu bayanansu ta dila na biyu, idan kuma layinsa ya faɗi sai /22 da ke wajen na ɗaya ya ɗauke su ba tare da ka taɓa komai ba. Tun da biyun nan maƙwabtan juna ne, 198.18.2.0/23 guda ɗaya zai yi aikin su biyun, kuma na fi son haka. Duk hanyar da ka ƙara, kowace babbar rauta a duniya sai ta ɗauke ta a ƙwaƙwalwarta. Waɗanda suka yi aiki ranar 12 ga Agusta 2014 ba su manta ba, ranar da teburin ya haura dubu 512, tsofaffin rautoci da yawa suka kasa ɗauka.

Na rubuta kowane rukuni da sunansa ba tare da le ba, kuma da gangan ne. A ƙofar fita abin da aka yarda da shi ake lissafawa, sauran a bar wa hanin ƙarshe. Wanda ya yi akasin haka, ya lissafa abin da ya hana sannan ya buɗe sauran, yana tsaron abin da ya hango ne kawai.

Idan ka yi duk wannan /24 bai bayyana a waje ba, akwai wurare uku da za ka duba. Jerin tacewa ba ya ƙirƙirar hanya, yana barin wadda ke akwai ne ta wuce. Dole a samu layin `network 198.18.2.0 mask 255.255.255.0`, kuma ainihin wannan rukunin da wannan tsawon ya kasance a teburin rautarka, ko da ta hanyar tsayayyar hanya zuwa Null0 ce, wato ƙofar da rauta ke zubar da bayanai. Na biyu, shi ma dila yana da nasa jerin a kanku, kuma da yawa suna gina shi daga rajistar hanyoyi ta IRR, don haka ka shigar da sabon rukunin a rajistar AFRINIC, hukumar raba adireshin intanet a Afirka, ka kuma rubuta masa. Na uku shi ne RPKI, tsarin tantance wanda ke da izinin sanar da kowane rukuni. Idan ROA ɗinku, wato takardar izininku a wannan tsarin, ta ce /22 ne iyakar tsawo, to duk kamfanin da ke tantancewa zai ga /24 ɗinka a matsayin haramtacce ya jefar da shi, kai kuwa kana kallon rautarka tana cewa ta aika. Ka yi wa kowane rukuni da kake sanarwa nasa ROA.

Ƙofar shiga

A nan ka fara tambayar kanka ko kana buƙatar cikakken tebur. Ƙananan kamfanoni da yawa ba sa buƙata. Idan hanyar gama-gari ta ishe ka, layi ɗaya ne, `permit 0.0.0.0/0`, kuma da haka ka yi tun farko da ba ka da dubban hanyoyin da za ka zuba wa dila na biyu. Idan kuwa kana son rauta ta riƙa zaɓa tsakanin diloli ga kowane wuri, ga ƙashin bayan jerin:

```
ip prefix-list SHIGA seq 10 deny 198.18.0.0/22 le 32
ip prefix-list SHIGA seq 20 deny 10.0.0.0/8 le 32
ip prefix-list SHIGA seq 30 deny 172.16.0.0/12 le 32
ip prefix-list SHIGA seq 40 deny 192.168.0.0/16 le 32
ip prefix-list SHIGA seq 50 deny 100.64.0.0/10 le 32
ip prefix-list SHIGA seq 60 deny 127.0.0.0/8 le 32
ip prefix-list SHIGA seq 70 deny 169.254.0.0/16 le 32
ip prefix-list SHIGA seq 80 deny 224.0.0.0/3 le 32
ip prefix-list SHIGA seq 200 permit 0.0.0.0/0 ge 8 le 24
```

Layin farko yana hana wani ya sanar maka da naka filin. Masu bin sa adireshi ne na cikin gida da na musamman da ba su da hurumi a intanet. A nan `le 32` wajibi ne, domin ba tare da shi ba 10.0.0.0/8 kaɗai ka hana, 10.5.0.0/16 zai wuce abinsa. Layin ƙarshe bai haɗa da hanyar gama-gari ba, in kana son ta sai ka ba ta nata layin.

Ga kwastoman da ke yin BGP da ku kuwa, ba wannan jerin ba. Shi ana lissafa masa rukunansa ɗaya bayan ɗaya, bayan ka tabbatar a rajista cewa nasa ne, sannan ka sa masa `maximum-prefix`, wato iyakar adadin hanyoyi, daidai da girmansa. Fiyus ne, irin wanda ya ƙone a wajen dilanku maimakon gidan ya kama.

Inda jeri kaɗai ke gazawa

Wannan ɓangaren nake son ka riƙe ko da ka manta sauran, domin a nan ƙwararru ma ke zamewa. A ce gobe kun samu kwastoma mai lambar AS 64510 da rukuninsa 203.0.113.0/24. Ka ƙara shi a jerin fita, daidai ne. Amma shi ma yana sayen layi daga dilanku na ɗaya. Wata rana masu aikin titi suka datse faibar da ke tsakaninku da shi, abin da duk mai wannan sana'a a Najeriya ya san yana faruwa. Yanzu rautarka ba ta jin rukuninsa daga gare shi, amma tana jin sa daga dila na ɗaya. Ta duba jerin fita, ta ga sunansa a ciki, ta sanar wa dila na biyu. Ka zama gada tsakanin diloli biyu, kana biyan wannan kana biyan wancan don ɗaukar kayan da ba naka ba, kuma babu layi ko ɗaya da ka rubuta ba daidai ba.

Dalili shi ne jerin yana duba sunan hanya da tsawonta kawai, ba ya tambayar daga bakin wa aka ji ta. Maganin shi ne tambari. Duk hanyar da ta shigo daga kwastoma ka buga mata community, misali 64500:100, naka rukunan ma ka ba su nasu. A wajen fita sai route-map, wato jerin sharuɗɗan da ke yanke wa hanya hukunci sashe-sashe, ya nemi sharaɗi biyu tare, sunan yana cikin jeri kuma tambarin yana jiki. Hanyar da ta zo daga dila ba ta da tambari, ba za ta fita ba ko da sunanta na cikin jeri. Sai dai ka goge irin wannan tambarin daga duk abin da ya shigo daga waje, don kada wani ya bugo maka shi daga can. A yanzu da ba ku da irin wannan kwastoman, `ip as-path access-list 1 permit ^$` zai yi maka aikin kulle na biyu, domin yana nufin hanyoyin da aka haifa a cikin AS ɗinku kaɗai.

Da ka fara amfani da route-map za ka tarar da permit da deny a wuri biyu. A cikin route-map jerin ba ya yanke hukunci, yana nuna yatsa ne kawai. Permit a jeri na nufin "wannan yana cikin waɗanda ake magana a kansu," deny kuma "ba ya ciki, a gwada shi a sashe na gaba." Sashen route-map ne ke cewa a karɓa ko a jefar. Na sha ganin wanda ya sa deny a jeri yana zaton ya hana hanya, alhali sashe na gaba ya karɓe ta. Shawarata, jerin da za a kira daga route-map ya kasance permit zalla.

Ranar canji

Akwai daren da ba na mantawa a wani kamfani da na yi wa aiki. Na so in sake tsara jerin fita, sai na goge shi gaba ɗaya da `no ip prefix-list` da niyyar liƙa sabo nan take. A IOS, idan maƙwabci yana kiran jerin da babu shi, komai wucewa yake yi. Kafin in gama liƙawa hanyoyin da ba namu ba sun fara fita, dila ya yanke mu, kwastomomi suka zauna babu intanet har aka samu wanda zai sake buɗe mana daga can. Kuskuren harafi ɗaya a sunan jerin ma haka yake jawowa, kuma babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wajen rauta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan tsagar kuwa ba ta nuna kanta. Tun daga ranar nake rubuta sabon jeri da sabon suna, in duba shi, sannan in juya maƙwabcin zuwa gare shi, tsohon kuma in goge shi washegari.

Sabon maƙwabci yana fara rayuwa ne da `shutdown`, sai an ɗora masa jerin shiga da na fita sannan a buɗe. Bayan canji ka yi `clear ip bgp 198.51.100.1 soft out`, kada ka manta kalmar soft, in ba haka ba zaman ne gaba ɗaya zai faɗi. Sannan `show ip bgp neighbors 198.51.100.1 advertised-routes`, ka ƙirga da idonka. A misalinmu uku ne ga dila na biyu, ɗaya ga na ɗaya. Umarnin `show ip prefix-list detail` zai nuna maka sau nawa kowane layi ya kama wani abu. Daga nan ka fita waje ka kalli kanka ta shafin RIPEstat ko bgp.he.net, ka ga abin da duniya ke ji.

Ban ga saitin rautarka ba, kuma abin da na rubuta na IOS ne. Ma'anar ɗaya ce a ko'ina amma halayen sun bambanta. Huawei tana rubuta `ip ip-prefix` da greater-equal da less-equal. Junos tana da route-filter mai exact, orlonger da upto, kuma a cikin sashe ɗaya tana fara neman rukunin da ya fi tsawon dacewa ne, ba daga sama zuwa ƙasa ba, abin da ke kama waɗanda suka taso da Cisco. MikroTik, wadda ƙananan kamfanoninmu suka fi riƙewa, a RouterOS 6 abin da bai dace da kowace ƙa'ida ba ana karɓarsa, a 7 kuma ana jefar da shi, don haka duk mai ƙaura daga wannan zuwa waccan ya sake karanta matatansa. IPv6 kuma nata jerin daban ne da `ipv6 prefix-list`, iyakar tsawon da ake karɓa a intanet /48 ne, kuma na IPv4 ba ya kare ta ko kaɗan.

Game da dila na biyu, wataƙila har yanzu zamanku a rufe yake a ɓangarensa, domin iyakar adadi idan ta yanke sau da yawa sai an buɗe da hannu. Ka cire layin `le 32`, ka ɗora jerin biyun, ka aika masa rukunan da za ka sanar tare da shaidar rajistarsu, sannan ka roƙe shi ya buɗe kuna kan waya, yana ƙirga abin da ya shigo masa kana ƙirga abin da ka aika.